Zabin Ruwan Zafi

In ka shiga kasuwar Badaguishiri ka tambayi Raihanatu mai zabi, ba ka gama rufe baki ba za a nuna maka ita. Gajeruwa ce, baƙa, bakin nan kuwa sai addu'a, ba ta barin ta kwana. Ƴar Tungar Abarshi ce, can bayan Tajaye. Cikin zabi aka haife ta, ranar da aka kai ta ɗakin mijinta Chindo kuma uwarta ta haɗa mata da guda shida cikin akurki, farare masu ratsin toka, irin da gidansu kaɗai ke da shi. Chindo mutumin kirki ne, amma rabin shekara Abijan yake cin rani. Zabin nan su suka riƙe tukunya duk shekarar da rumbu ya gaza, su suka kai ɗiyanta lakwal, makarantar boko.

Zabuwa kowa ya san halinta, ta iya zuba ƙwai amma ba ta iya kwanci ba. Kwashewa ake yi a sa wa kaza, ita ta sha zaman kwana ashirin da takwas.

Wata shekara aka haƙa wa garin da take aure rijiyar burtsatse mai shegen zurfi. Ruwa ya ɓalle da kansa, ana cikin guɗa wata ta tara hannu ta fizge da salati. Zafi! Shanu suka shinshina suka juya, wanda ya ba albasarsa ya wayi gari ta kwanta. Mutanen poroje, masu aikin rijiyar, suka zo daga Yamai cikin mota kat-kat, suka auna, suka ce arziki ne, wai da irin wannan zafi na cikin ƙasa wasu ƙasashe ke kunna lantarki. Suka sha fura suka tafi. Lantarkin dai har yau muna zuba ido. Ruwan ya ci gaba da bin magudana yana gangarawa fadama, mata na ɗiba su aje ya huce.

Sai wata damina cutar kaji ta faɗo garin. Cikin sati biyu ko carar zakara babu, zabin Raihanatu kuwa ɗaya bayan ɗaya ta ja su da ƙafa ta binne, tana kuka kamar yarinya. Uwarta ta riga ta rasu, gidansu ma cutar ta share. Abin da ya rage na irin a duniya ƙwai ashirin da uku ne da ta tsinta gindin sabara. Ga ƙwai ba kaza, in kuwa ya wuce kwana goma bai samu ɗumi ba ya zama na suya.

Rana ta huɗu tana wanki bakin magudanar, ta ji rairayin da take takawa da ɗumi. Ta tsaya cak. Shekara talatin tana cusa hannu ƙarƙashin kaza mai kwanci, wa zai gaya mata wannan ɗumi? Ta watsar da wankin ta bi ruwan a duƙe tana tona rairayi da hannu. Nan ya yi zafi, nan ma haka, can ƙasa ya yi sanyi. Taki arba'in daga famfo hannunta ya ce nan ne. Ta binne tukunya har wuya, ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ta shafa wa kowane ƙwai gawayi a gefe ɗaya don ta gane wanda ta juya. Ta jera su ciki ta rufe da faifai, ta kafa rumfar zana, ta kewaye da ƙaya.

Hassana, ƙanwar Chindo, ta zo ta riƙe ƙugu. "Matar yaya, dahuwa ake? In kawo gishiri?"

"Kawo mana, ki fara barbaɗa wa maganarki, ta yi lami."

Sau uku a yini take juya su, kamar wadda aka ɗaure a wurin. Kwana ashirin da shida shiru, ashirin da bakwai shiru, har tuwo ya daina wuce mata. Ranar ta ashirin da takwas da hantsi ta durƙusa, ba ta ɗaga faifan ba ta ji tsiyau-tsiyau. Goma sha tara ne, jiƙe sharkaf, suna tattaka juna.

Yau tukwane sun fi arba'in jere a bakin magudanar, har ta Hassana, kuma babu mai binne tata sai Raihanatu ta sa hannu ta ce nan. Amma ranar farko ita ake ba da labari. Da ƴan zabin suka bushe ta ɗauko su cikin ƙwarya, a ƙofar gida ta sauke ta yi gaba, sai ga su tsaf a dugaduganta, sun ɗauka ita ce uwar. Mata suka ɓarke da guɗa. Ita ko guɗar ba ta ji, ta zauna dirshan a ƙasa ƴan zabin na hawa zanenta, hawaye na zuba, tana cewa, "Inna, ga su nan. Ban ɓatar miki ba."