Littafin Kakana da Makon Marka

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya rana fitila mai haskakawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya mai karatu, har yau idan na shaƙi warin jiƙaƙƙiyar takarda, sai zuciyata ta koma ƙauyenmu kusa da Ƙarfi, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Kakana yana da littafin fiƙihu, rubutun hannun malaminsa, a cikin gafakar fata. A gefen kowane shafi akwai ƙananan bayanai na malamin, waɗanda babu su a wani littafi. Ya yi mini alkawari da shi zan fara karatun ilimi idan na sauke Alƙur'ani.

A wata shekara marka ta tsananta, rufin ɗakinsa ya yi yoyo daidai inda aka rataye gafakar. Da aka buɗe, takardun sun sha ruwa. Tawadarmu kuwa da ƙaro ake haɗa ta. Idan ta jiƙa ba a shanya da wuri ba, shafi kan manne da ɗan'uwansa. Rana ake bukata, rana kuwa ta ɓuya.

Kakata ta ce, "Malam, bari in kawo kaskon wuta, mu riƙa ɗumama su daga nesa."

Ya ce, "Sunan Allah ne a ciki, ba zan kusantar da shi ga wuta ba. Gobe rana za ta fito."

Ta ce, "To, ai jiya ma goben ka ce."

Kwana shida yana fita bayan asuba yana duban gabas, yayyafi na sauka a kan rawaninsa. A na bakwai rana ta fito, amma takardun sun dunƙule, sun yi fumfuna. Ya zauna a tabarma yana ɓamɓare su da bakin wuƙa, rubutu yana bin wuƙar. Abin da ya tsira bai kai rubu'i ba. Bai ƙara zancensa ba har ya rasu bayan cirar auduga. Ni kuwa da bugun ɗab'i na fara, wanda aka sayo mini a Funtuwa, gefen shafukansa fari fat.

Yanzu jikata tana jami'a, ita da abokan karatunta suna binciken yadda ake tara ƙarfin rana a batir. Ta ce suna gwada wani akwati mai busar da kaya ko gari ya lumshe.

Na ce, "Ko a marka?"

Ta ce, "Ko a marka, Kaka."

Ba na ganin laifin kakana, ladabi ne ya hana shi kai littafin kusa da wuta. Sai dai an samu hanyar ajiye rana bayan an rasa abin da za a shanya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a gare ka da iyalinka, Ya tsare muku abin da kuka gada. Amin.