Gaisuwar da Ta Raba Sajo da Kara

Sajo mai lodin shanu ne a kara, babbar kasuwar shanu ta Potiskum. Tun yana saurayi yake aiki a hannun Alhaji Basiru dillali, yana ɗaure shanu a tirela, yana raka su Kudu. Ɗakin da yake zaune da matarsa Hawwa a unguwar Hausari ma na Alhaji ne.

A zaɓen sanatoci na 1992 ba a jefa ƙuri'a a ɓoye ba. Hotunan 'yan takara biyu ake kafawa, dama da hagu, kowa ya bi layin wanda yake so, a ƙirga mutane a bainar jama'a. Ni aka aro daga sakatariya na yi ƙirga a rumfar zaɓensu, don haka a idona aka yi.

Alhaji Basiru jigo ne a layin dama, kuma a bayansa Sajo ya tsaya tun da safe. Can sai ya hango kawunsa Shehu, wanda ya riƙe shi yana maraya, tsaye a layin hagu. Mutum ba ya ganin kawunsa ya kau da kai. Ya tsallaka, ya durƙusa, suka shiga gaisuwa, ana tambayar gida da gona da yara. Suna cikin haka aka busa usur. Dokar ita ce da an busa, ba mai motsi. Na zo na dafa kafaɗar Sajo, na ƙirga shi a layin hagu, na wuce.

Mai hoton hagu ne ya ci.

Ranar kasuwa Sajo ya ɗauki igiyarsa, Alhaji ya ce, “Ajiye min. Je ka lodin sanata.”

“Alhaji, wallahi gaisuwa na je.”

“To, Allah ya ba da ladan zumunci.”

Kafin wata ya ƙare an karɓe ɗakin. Sauran dillalai ba su ɗauke shi ba, don ba mai son ɓatawa da Alhaji. Mutanen layin hagu kuwa suka ce ai kowa ya san Sajo ba nasu ba ne. Ya koma unguwar Dogo Nini yana tura kurar ruwa. A ƙarshen 1993 soja suka rushe majalisar, sanatan ya koma gida, amma Sajo bai koma kara ba.

A 1998 aka sake zaɓe, jam'iyyu sun sauya. Sai ga hoton mutumin nan na layin hagu manne a ƙofar gidan Alhaji Basiru. Hawwa ce ta gani, ta matsa wa mijinta ya je ya roƙi Alhaji. Ya roƙe ni na raka shi shaida, na je, na faɗi yadda usur ya same shi a durƙushe.

Alhaji ya saurara har na gama, sannan ya dubi Sajo.

“Ni da manya na zauna a ɗaki kafin na sauya. Kai a gaban yarana ka bar min layi. In na maido ka, gobe wa zai tsaya a bayana?”

Waɗanda aka zaɓa a shekarar ko rantsar da su ba a yi ba. Da aka sake a 1999, a ɓoye ake dangwalawa. Na tarar da Sajo a bakin rumfa yana sayar wa masu layi ruwa. Na ce ya shiga, yanzu ba mai ganinsa.

“Malam, ai an riga an gan ni,” in ji shi, ya ci gaba da tura kurarsa.