Kyaftin Ashemi da Agogon Jirgin Iorfa

A Lafiya in ka ce Ashemi mai wayarin ba kowa zai gane ba, amma ka ce Kyaftin, ko mai tallan gyaɗa sai ta nuna maka shagonsa a hanyar Makurɗi. Shekara ashirin masu jiragen Binuwai na ɗoro injinansu a bayan a-kori-kura su kawo masa, ya tsoma gindin injin a duro cike da ruwa, ya tayar, ya gyara. A bakinsa kuwa ya ƙetare Binuwai ya fi sau ɗari, har ya taɓa dungure wa dorina kai. Matarsa Fanna kaɗai ta san cewa ko gada mota ta hau, Kyaftin runtse ido yake yi yana salati. Duron nan shi ne kogi mafi zurfi da ya taɓa shiga, shi ma iyakar gwiwar hannu.

Wanda ya jiƙa masa aiki shi ne Iorfa, wani ɗan Tibi mai jigilar 'yan kasuwa a Tunga, can gaba da Awe. Agogon da ke nuna masa juyawar inji ne ya haukace. Allura ta cilla sama, ta faɗo, ta hau karkarwa, Iorfa ya rasa gane ko takura wa injin yake yi har ya ƙone. Sau uku yana kawo inji da agogo. Ashemi ya kankare tsatsa, ya canja fis, ya auna da mita, kuma duk sau ukun allura ta zauna daram a gaban duro.

"Oga Kyaftin," in ji Iorfa, a gaban kaf 'yan gareji, "a nan allura yana lafiya, a ruwa yana hauka. Sai ka zo ka gani da ido naka."

Ashemi ya duba hagu ya duba dama, kowa shi yake kallo. Ya ce ai dama ya yi kewar kogi.

Da zai fita Fanna ta ce, "Malam, in sa maka tiyub ɗin mota a jaka?" Ya saɓa jakarsa ya fice.

Ranar kasuwa ce, jirgi ya cika da doya da gishiri da mata. Ana barin gaɓa jirgin ya ɗan yi tangaɗi. Kyaftin ya zube rub da ciki tsakanin buhuna, tsoro tsagwaronsa, yana jin shekara ashirin na cika baki suna zubewa a idon jama'a. Daga nan ƙasa ne idonsa ya faɗa ƙarƙashin benci. Ga wata siririyar waya an ɗaure da leda a jikin wayar agogo, ta bi ta lungu har zuwa soket, wayoyin hannu shida suna shan caji. Aikin Hembadoon ne, matar Iorfa, dabararta ta jawo wa mijinta fasinja. Ashemi ya miƙa hannu ya fizge wayar, allura ta nutsu nan take.

Wata mai doya ta ce, "Wai wannan bawan Allah lafiya kuwa?"

Iorfa ya ga yadda Kyaftin ya ƙanƙame buhu yana salati, ya gane komai. Ya danne dariya ya ce, "Mama, ka yi shiru. Haka babban injiniya yana aiki. Yana sauraron jirgi da ciki nasa."

Kafin sati labari ya game bakin kogi. Sunan Ashemi dai ya tsira, har ya ƙaru, sai dai tun daga ranar babu mai jirgin da ya sake yarda da gyaran duro. Mota suke turowa a ɗauke shi, kowa so yake Kyaftin ya kwanta masa a jirgi, kuma lallai sai an kai tsakiya.

Duron yanzu Fanna ke tarar ruwan sama da shi. Ta ɗinka wa Kyaftin ɗan matashi na kwanciyar aiki. Duk ranar kasuwar Tunga yana can tsakiyar Binuwai rub da ciki, ido a runtse, leɓe na motsi, masu jirgi suna hana fasinja magana kada a katse wa injiniya tunani.