Sarkin da ke Ƙarƙashin Teburina

Ƙanena ne ya kawo darar Japanawa gidanmu a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Shogi suke ce mata. Wani tsohon injiniya ɗan Japan da yake yi wa direba ne ya koya masa, da zai koma gida ya bar masa allon da 'ya'yan katakon. Ni dai ban ga abin so ba a wasan da mutum zai zauna kamar an dasa shi, shayi na hucewa a gabansa.

Amma fa ya iya. Ta waya yake karawa da mutanen can, yana lallasa su. Akwai wani gwani a Japan, sa'ansa, wanda ba shi da sana'a sai wannan wasa. Ƙanena ya san tarihinsa kamar tare aka yi musu suna, tun daga shigarsa makarantar wasan yana ƙarami har ya zama abin kallo. Yakan ce, "Yaya, shi ma fa hannu biyu gare shi."

Kwatsam aka gayyace shi gasar baƙi a Japan, kuma gwanin nan zai buga da waɗanda suka yi fice. Lokacin yana aiki a shagon kayan mota a Waziriyya, fasfonsa na hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, fita ƙasar kuma sai da izininsa. Na sa aka ɗinka masa sabuwar jallabiya. Na fesa labarin ga duk matan da muke sayar da abinci tare a Bab Makka, har da waɗanda ba su tambaye ni ba.

Ranar da ya je neman izini, ya dawo bai taɓa abinci ba. Na ce, "Me ya ce maka?"

"Dariya ya yi. Ya ce wa zai tsare shago saboda katako? Halas, magana ta ƙare, yalla, in koma bakin aiki."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na yi godiya."

Godiya! Raina ya ɓaci, har yau bai gama hucewa ba. A wasan nan ba a jira a cinye sarki, babba cikin 'ya'yan katakon. Wanda ya ga babu mafita shi ke sunkuyar da kai, ya faɗa da bakinsa cewa an ci shi, har ya gode. Ladabin da tsohon nan ya koya masa ke nan, shi ya kai wa kafili. Ni so na yi ya yi ihu, ko kofi ɗaya ya fasa.

Gwanin yana nan yana cin kofuna. Ƙanena ya daina kallo.

Teburin da nake ɗora tukwane ƙafarsa ɗaya ta gaza, kullum miya na tangaɗi. Wata safiya ya zo ya durƙusa, ya cusa wani abu a ƙarƙashi, ya girgiza teburin ya ji ya tsaya. Da na leƙa, sarkin darar ne.

Ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "Kin gani, Yaya? Ya samu aiki."