Tsaunukan Gidaɗo

Gidaɗo mutumin Gembu ne, can saman Mambila, inda gajimare ke saukowa har cikin gari da safe. Karatu ya kawo shi Guangzhou ta ƙasar Sin, da ya gama sai ya zauna yana yi wa 'yan kasuwar Maraɗi tafinta a kasuwar tufafi ta Shahe. Shekara shida yana cikin dilolin kaya da hayaniya, bai taɓa gaya wa kowa cewa kewar dutse yake yi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, ruwan sama ya kora shi cikin wani ɗan shago. Ya tarar da wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai suna Lin, tana zane da baƙar tawada. Tsaunin da ta zana ya miƙe har ya ɓace a sama, ga tafki shimfiɗe a gindinsa. Gidaɗo ya ce "Subhanallahi" da ƙarfi har tsohuwar ta ɗago.

"Ai garinmu ne wannan," ya ce mata da Sinanci.

Ta yi dariya ta miƙa masa burushi. "To zo ka nuna min."

Takarda uku ya ɓata ranar, suna ta dariya. Daga nan kowace Juma'a sai ya leƙo. Ta koya masa barin takarda fara inda gajimare yake, da sirka tawada da ruwa don dutsen da ke nesa. Matsalarsu ɗaya ce. Lin ta ce sai an sa ɗan ƙaramin mutum a ƙasa kafin a ji girman tsauni, shi kuwa ba ya son zana mai rai. Ya yi sati yana tunani, sannan ya zana 'yar bukka a bakin tafki, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Lin ta daɗe tana kallo. "Akwai mutum a ciki," ta ce. "Ina jin tsoronsa da murnarsa."

Hajiya Salamatou, wadda yake yi wa tafinta, ta ga zanen a wayarsa ta ce lallai sai ta tafi da shi Maraɗi, jikokinta ba su taɓa ganin tsauni ba. Ya naɗe mata shi kyauta. Yanzu duk wanda zai koma gida sai ya roƙi nasa, Gidaɗo kuwa yatsunsa ba sa rabuwa da tawada.