Malamar da Ta Rabar da Layinta

Kafin masu shara su gama da baranda, Malama ta iso. Ta ajiye jaka, ta buɗe ƙofar ɗakin injin, wato babbar kwamfutar sashenmu na jami'a, ta tsaya tana sauraron gurnanin akwatunanta. In sautin bai yi mata ba, a wannan ranar mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba shi da sakat. Sai ta tabbatar komai lafiya sannan take zama ta sha shayinta, wanda ya riga ya huce. Haka muka same ta, haka kuma take har wannan watan da za ta ajiye aiki.

Ga wanda bai san sana'armu ba: muna jera ƙwayoyin zarra a cikin kwamfuta, ƙananan abubuwan nan da ido ba ya gani waɗanda da su aka gina ƙarfe da gilashi, mu sa injin ya zafafa su ko ya ja su, mu jira mu ga yadda za su yi. Jiran ne matsalar. Motsin da bai kai ƙiftawar ido ba a ƙarfen gaske, injin sai ya yi makonni yana lissafinsa. Injin kuma ɗaya ne tal, mu kuwa ga mu nan birjik. Saboda haka layi ake bi.

Malama tana da nata aikin. Mahaifinta mai walda ne, ta tashi tana jin yana mita cewa ƙarfe ba ya karyewa a kan walda, sai a gefenta. Burinta ta ga wannan tsagar da idonta, yadda take farawa daga zarra ɗaya ta kama ta kusa da ita. Aiki ne mai nauyi, in ya hau injin zai tare shi wata da watanni.

To, bai taɓa hawa ba. Da layi ya zo kanta sai wani ɗalibi ya bayyana ido jajir, lokacin gama karatunsa ya ƙarato, sakamako babu. Ita kuwa sai ta ce, "Saka naka, nawa ba ya gudu."

Ina ɗakin ranar da Dogo, abokin karatuna, ya jera zarrarsa kusa da juna fiye da kima. Injin na farawa suka tarwatse, jiran da ya yi ya tafi a banza. Ƙaton mutum ya zauna yana share hawaye da hular kansa.

"Haba Dogo," in ji Malama, "ka cusa mutane a ɗaki ba wurin miƙe ƙafa, ba dole su watse ba? Tashi ka gyara, gobe layina ne, ka hau."

Ni ma na hau layinta lokacin da nake da tsohon ciki. Da wuya ka sami wanda ya fita daga sashen nan da digiri bai hau ba. Sunayenmu suka fito a saman takardun bincike, nata kuwa can ƙasa, a layin godiya. 'Yarta takan tsokane ta: "Mama, ke ko mai rabon sadaka yana rage na gida."

Sai muka lura ta fara ƙara girman rubutu a allon kwamfuta. Daga nan ta fara tambaya, "Wannan ja ne ko shuɗi?" Wata rana ta yi karo da kujerar da ta shekara da shekaru a wuri ɗaya. Likita ya ce abin da ya tafi na ganinta ba zai dawo ba, sauran ma tafiya yake yi.

Da labari ya bazu, kowa ya janye aikinsa daga layi, ba wanda aka roƙa. Malama ta yi faɗa sosai. Dogo, wanda yanzu shi ma malami ne a sashen, ya ce, "Malama, a gafarce ni, yau kam ba ki da ta cewa." Aikinta ya hau.

Kullum da safe 'yarta ke kawo ta, tambayar farko ita ce, "Ya kai ina?" Injin yana tafiyar hawainiya, idon kuwa bai jira ba. Wallahi ban taɓa jin haushin na'ura irin na lokacin ba.

Ranar da ya kammala muka taru, muka saka hoton a babban allo. Ga tsagar nan tana ratsa zarra ɗaya bayan ɗaya. Malama ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe a haka.

"Haske kawai nake gani," ta ce.

Na matsa kusa da ita. Na kama hannunta, na shimfiɗa tafin, na ja layi da yatsana. "Nan ne waldar, Malama." Na ɗan matsa gefe. "Daga nan ta fara." Na bi da yatsa yadda tsagar ta bi, ta karkata, ta rabu biyu.

"Sake, 'yata," ta ce. "A hankali."

Na sake, hawaye na zubo mini. Ita kuwa murmushi take yi.

Malama, ke ce inuwar da muka fake muka yi karatu. Ke ce kika ba mu lokacinki alhali kin san ba a mayar da shi. Ba mu da abin biyanki, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da haƙurin abin da ya same ki. Mun gode.

Ku kuma masu karatu, ku yi koyi da ita, ku matsa wa na bayanku ya wuce. Amma in akwai irinta a wurin aikinku, kada ku tsaya a godiya. Ku tambaye ta me ita ma take jira, ku tambaya yau. Mu mun tambaya, sai dai mun makara.