Garwashin Yalwawa

Da aka mayar da ni aiki Dutse, bayan an ba mu jiha, na tsara yadda zan zaɓi unguwa: farko ruwa, sannan masallaci, sannan makarantar yara. Mahaifiyata, Inna, ta ce ba za ta bar Ringim ba sai ta ga maƙwabta da idonta. Ni kuwa ba zan tashi in bar ta ba.

Na ɗauko ta muka zo. Duk gidan hayar da na nuna mata, sai ta shiga maƙwabta da kasko ta roƙi garwashi. A unguwar farko daga bakin ƙofa aka miƙo mata. A ta biyu aka ce da risho suke girki.

A Yalwawa ta shiga, na tsaya a waje har aka kira la'asar. Ta fito tana dariya, babu kasko a hannunta.

Na ce, "Inna, ina wutar?"

Ta ce, "Wace wuta? Fura aka dama mini, muka yi ta hira. Je ka kwaso kaya."

Rijiyar unguwar da nisa, amma ban yi musu ba. A nan muka tare.